Fil ɗin takalmin birkin gaba ya kafe a kalifa, yaya zan fitar da shi ba tare da na ɓata kalifar ba?

Mai Hornet 600:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, musamman iyayen gidanmu bakanikai. Ina neman shawara a kan Honda CB600F Hornet, na hannu, irin wanda ake shigowa da shi daga Turai. Birkin gabansa faranti biyu ne, kalifar Nissin mai fistan biyu a kowane gefe. Kalifa ita ce gidan da yake riƙe takalman birki ya matse su a jikin faranti. Takalman birkin sun cinye, saura kaɗan ƙarfe ya fara cin faranti, ga sababbi na saya suna ajiye.

A gefen hagu komai ya fita lafiya. A gefen dama kuwa ɗan murfin nan mai tsaga da ake kwancewa da sukundireba ya fita da ƙyar, amma fil ɗin da ke bayansa, wanda yake riƙe takalman, ko motsi ya ƙi yi. Alanki mai lamba 5 nake sa masa, irin mai lanƙwasa. Na fesa WD-40 sau biyu, na jira kamar minti goma, na sake gwadawa. Yanzu na fara jin alankin yana ɗan wasa a cikin ramin, shi ya sa na dakata. A bakin ramin akwai wani farin gari kamar toka. Kalifar na riga na cire ta daga jikin shokar, tana rataye da waya, tiyon man birki yana haɗe.

Tambayata uku: me ya riƙe shi haka, da me zan fara, kuma in ramin alankin ya cinye gaba ɗaya shi ke nan sai sabuwar kalifa?

Bakaniken manyan babura:

Wa alaikumus salam. Malam, dakatawar da ka yi ita ce ta ceci aikin. Muddin alanki yana iya kama wani abu a ramin nan, aikin na rabin yini ne. In ramin ya zama zagaye, ya koma aikin mai walda ko mai injin juyi.

Farin garin da ka gani ba tsatsa ba ce irin ta ƙarfe, alminiyam ne ya ci. Fil ɗin ƙarfe ne, jikin kalifar alminiyam ne, kuma duk inda waɗannan biyu suka haɗu ruwa ya shiga tsakaninsu, alminiyam ɗin ne yake ci. Abin da ya ci ɗin yana kumbura ya fi gurbin da ya fito daga ciki, sai ya cika tsakanin tiredi, wato haƙoran da fil yake murɗawa a ciki, ya matse fil ɗin ta ko'ina kamar an zuba siminti. A ƙasashen Turai masu sanyi ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma ruwan gishiri yana hanzarta wannan ci ƙwarai. Shi ya sa baburan da suka fito daga can suka fi yawan wannan matsala. Man fesawa ba ya narkar da garin nan, iyakarsa ya jiƙa shi ya sa santsi. Sai an farfasa shi da duka da zafi tukuna man zai sami hanyar shiga. Minti goma kuwa ba jiƙo ba ne.

Abu na farko, mayar da kalifar jikin shoka ka ɗaure notinanta biyu. Ba a kwance wannan fil kalifa tana lilo a hannu. Rabin ƙarfinka yana tafiya wajen riƙe ta, alankin yana shiga a karkace, kuma a karkacen nan ne yake cinye kusurwoyin ramin. A jikin shoka babur ɗin ne da kansa yake riƙe maka ita.

Na biyu, share ramin. Ɗauki allura ko siririyar waya ka ƙwaƙule ƙasa da garin da ke gindinsa har sai ka ga ƙarfe. Sau da yawa alanki rabi kawai yake shiga saboda datti, mutum yana zaton ya kai ƙarshe. Rabin shiga, rabin kamu ke nan.

Na uku, ajiye alanki mai lanƙwasar nan. Haka nan kada ka kusanci ramin da mai kan ƙwallo, wannan don saurin juya abin da ya riga ya saki aka yi shi. Nemi alanki lamba 5 na kan soket, mai kyau, wanda kusurwoyinsa suke da kaifi. In bakin naka ya goge, a yanke masa milimita biyu ko uku a dutsen wasa a daidaita fuskar, ya koma sabo. Sa shi a ramin, ka doke bayansa da matsakaiciyar guduma sau biyar zuwa goma, dukan da yake tafiya miƙe cikin tsawon fil ɗin. Dukan yana aiki biyu: yana zaunar da alankin har gindi, yana kuma tsattsaga garin da ke cikin tiredi. Tara wani ƙarfe mai nauyi ko katako a bayan kalifar yayin dukan, don kada nauyin ya sauka a kan faranti ya lanƙwasa shi.

Sai jiƙo. Rufe faranti da tsumma ko kwali tukuna. Takalman tsofaffi ne, zubar da su za ka yi, amma faranti da robobin fistan ba a so mai ya taɓa su. Robar birki ba ta shiri da duk man da aka samo daga fetur, kumbura take yi, fistan ya riƙa maƙalewa. Saboda haka kada ka yi wa kalifar wanka da feshi. Ɗiga man a wuri uku kawai: bakin tiredi ta wajen kan fil, inda fil ɗin ya fito daga jikin kalifa ta ciki, da ƙarshensa inda ya shige ramin ɗaya gefen. Wannan ƙarshen mutane suna mantawa da shi, alhali wani lokaci shi ne ya kafe, ba tiredin ba. WD-40 yana taimakawa, amma an fi saninsa da korar ruwa. In za ka samu man da aka yi musamman don ratsa tsatsa ya fi. In babu, haɗa man giyar mota mai atomatik, wato ATF, da asiton, rabi da rabi, ka girgiza kafin kowace ɗigawa domin rabuwa suke yi. Asiton yana cin fenti kuma yana kama wuta, ka kula. Bar shi ya kwana, kana ɗigawa kana ɗan ƙwanƙwasawa duk bayan 'yan awoyi.

Da safe, kafin ka juya, goge tsakiyar fil ɗin da ke fili tsakanin takalman da buroshin waya ko siririn samfefa. Duk tsatsar da ke wurin sai ta bi ta cikin kunnuwan takalman da ramin kalifa kafin fil ya fita. Sannan ka lura akwai sifirin a cikin kalifar da yake tura takalman su danne fil ɗin. Danna takalman ciki da yatsa ko bakin sukundireba yayin juyawa, nauyin ya sauka daga kansa.

Juyawar kanta: tafin hannu ɗaya yana danne kan soket ɗin ciki da ƙarfi, ɗaya hannun yana ja. Fara da ɗan matsawa ta wajen ɗaurewa, kamar gashi ɗaya, sannan ka dawo ta wajen kwancewa. In ka ji ya yi ƙara ya motsa, kada murna ta sa ka zarce. Kwata ɗin zagaye baya, ka dawo gaba, ka ɗiga mai, ka sake. In ka zarce da ƙarfi garin nan yana taruwa a gaban tiredi ya kwashe tiredin alminiyam ɗin ya fito da shi a jikin fil.

In kana da sukundireban duka, wanda ake bugawa da guduma ya juya da kansa, nan ne wurinsa. Ya fi dogon hannu amfani nesa ba kusa ba, domin a daidai lokacin da yake juyawa yana kuma danna alankin ciki. Bututun da ake zurawa a hannun sifana don ƙarin ƙarfi kuwa, kada ka sa shi a nan. Honda ta ce a ɗaure fil ɗin nan a kan 18 Nm ne kawai, Nm kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri. Ramin milimita 5 ba a yi shi don ya ɗauki ƙarfin mutum da bututu ba.

Mai walda da juyi:

Duk abin da Oga ya faɗa haka yake. Zan ƙara maganar zafi, don a ganina shi ne rabin aikin, kuma a nan ne ake ɓarna.

Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. In ka ɗumama jikin kalifar, ramin yana faɗaɗa fiye da yadda fil ɗin yake kumbura. Bambancin ƙanƙani ne, a rami mai milimita 10 in zafi ya ƙaru da digiri 80 bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, amma ya isa ya tsage garin da ya riƙe. Abin lura shi ne jikin kalifar ake ɗumamawa, kunnen da tiredin yake ciki, ba kan fil ɗin ba.

Hanya mafi aminci ita ce tafasasshen ruwa. Cika buta, ka riƙa zubawa a hankali a kan kunnen nan har ta ƙare, ka sa alanki nan take tun da zafinsa. Ruwa ba ya wuce digiri 100, don haka ba zai ƙona roba ba, ba zai tafasa man birki ba. Man birki na DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, wanda ya tsufa ya sha ruwa kuma yana iya saukowa wajen 155. Bindigar iska mai zafi ita ma tana yi, ka tsaya da zarar ɗigon ruwa ya fara ƙara yana ƙafewa a wurin.

Wutar gas fa? Ina ganin ana sa ta kalifa tana jikin babur, kuma kuskure ne. Alminiyam yana watsa zafi da sauri, kafin kunnen ya yi zafin da kake so zafin ya isa robobin fistan da tiyo. Sannan alminiyam ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar ƙarfe. Yana nan da kalarsa har ya kai wajen digiri 660 ya zube. Tun kafin nan ma ya riga ya yi laushi ya rasa ƙarfinsa, kuma wannan birki ne. In dole sai wuta, a cire kalifar, a fitar da fistan da robobi duka, a goge mai, a sa ƙaramar wuta ana yawo da ita. Kuma kada a kunna wuta kusa da inda aka ɗiga asiton.

Zafi da sanyi sau uku ko huɗu ya fi zafi mai yawa sau ɗaya. Ɗumama, ɗiga mai yayin da yake hucewa don ya ja shi ciki, ƙwanƙwasa, bari ya huce, maimaita.

Abu biyu da kada a kusantar da su da kalifa ko da wani ya ba da shawara: sodar yin sabulu da ruwan batir. Soda tana cin alminiyam kai tsaye ta bar ƙarfen. Ruwan batir kuma ɓarnarsa ta fi amfaninsa.

Mai Hornet 600:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na mayar da kalifar, na share ramin, ya kwana a jiƙe, na zuba ruwan zafi buta biyu. Da na sa alankin soket na ja, sai ya zame. Da na haska fitila na ga kusurwoyin sun riga sun tafi, kusan zagaye ramin ya zama. Wani ya ce in sayo abin nan mai tiredin hagu da ake kira izi-awut in murɗa a ciki. In saya?

Mai walda da juyi:

Kada ka saya tukuna. Zan faɗi dalili a ƙasa. Akwai matakai kafin a kai can, ka bi su daga mai sauƙi.

Fara da bakin Torx, mai tauraro. Ramin alanki lamba 5 faɗinsa daga kusurwa zuwa kusurwa kusan milimita 5.8 ne. T30 faɗinsa wajen 5.5 ne, T40 kuma wajen 6.6. In ramin ya buɗe kamar yadda ka bayyana, T40 ne zai yi: ka kafa shi da guduma har haƙoransa su yanka wa kansu gurbi a cikin ƙarfen. Wani zaɓin shi ne alanki na inci, 7/32, wanda ya ɗara milimita 5.5 kaɗan, shi ma da guduma ake shigar da shi. Shafa ɗan man goge bawul, mai yashi-yashin nan, a bakin kafin ka kafa, yana hana zamewa. Damar nan sau ɗaya ce ko biyu, don haka ka zuba ruwan zafin tukuna, ka juya da sukundireban duka.

In wannan bai yi ba, koma tsakiyar fil ɗin. Tura fistan baya don takalman su saki, ka sami fili, ka kama tsakiyar da ƙaramar filaya mai kulle, ka matse ta iya matsewa. In filayar tana zamewa, goge fuska biyu a jikin fil ɗin da magagari don ta sami wurin kamu. Mutum ɗaya yana juya filaya, wani yana juya Torx a kai, lokaci guda kuma ta gefe guda. Ƙarfin ya rabu biyu ke nan.

In har yanzu shiru, yanke fil ɗin. Cire kalifar, ka zura zarton ƙarfe tsakanin takalman biyu ka yanka, ka kula kada zarto ya taɓa fistan ko jikin kalifa. Yanka ta yadda guntun da ke gefen tiredi zai fi tsawo. Da ka yanke, takalman za su fita, guntun ƙarshen ya fito da filaya in ka murɗa shi, sauran kuma ya tsaya a fili. Yanzu ka san ainihin inda ya kafe. Kama wannan guntun a bais, wato abin matse ƙarfe na kan benci, ka riƙe kalifar da hannu biyu ka juya ta ita kanta a kansa. Ka tsaya ka yi tunanin gefen juyawa kafin ka ja, domin daga ciki kake kallonsa yanzu, gefen ya juye, kuma da yawa suna ƙara ɗaure shi ba su sani ba.

Daga nan sai walda. Tun da kan fil ɗin Honda a cikin rami yake, ba a ɗora noti a kansa kai tsaye. Ana soka guntun tsohon alanki ko ƙaramin bol a ramin da ya cinye a ɗiga walda a haɗa su, ko a yi waldar noti a guntun da ya fito ta ciki. Walda ba ta kama alminiyam, kuma zafinta mai shiga fil ɗin farat ɗaya yana karya riƙon. A bar shi ya huce kafin a juya. Sharaɗi: kalifa a kan benci, ba fistan ba roba, kuma a kare tiredin murfin nan na waje daga tartsatsi. Kada a yi walda a jikin babur, wutar tana iya bi ta bodi ta lalata kayan lantarkinsa.

Huji shi ne na ƙarshe. Ramin alankin da ya cinye yana da amfani ɗaya, shi ne yake nuna maka tsakiya. A ɗaure kalifa a injin huji na tsaye, ba na hannu ba, a fara da baki mai milimita 3, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. In akwai bakin huji mai juyin hagu ya fi, domin sau da yawa yana cikin ci zai kama fil ɗin ya warware shi. A tsaya kafin a taɓa tiredi. Ƙa'idar ita ce faɗin tiredi a debe tazarar haƙori: in M10 ne, wato mai faɗin milimita 10, mai tazara 1.0, kada a wuce milimita 9. A auna a jikin fil ɗin hagu da ya fita lafiya. Ɓawon da ya rage a ɓanɓare shi da tsinke mai kaifi, a bi da taf, wato abin yanka tiredi, a share. In tiredin ya tafi, ana sa masa Helicoil, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe da take zama sabon tiredi, kuma in an sa daidai yana riƙewa sosai.

Dalilin da na hana izi-awut: siffarsa kamar tsinke ce mai faɗi a sama, yana shiga yana buɗa fil ɗin, wato yana ƙara matse shi a ramin da ya riga ya matse. Kuma ƙarfensa mai tauri ne ƙwarai, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. In ya karye a ciki, bakin huji na yau da kullum ba ya cin sa. An yi shi ne don bol da ya karye amma tiredinsa a sake yake, ba don wanda ya ci ya haɗe da alminiyam ba.

Wanda ya riga ya karya shi a ciki, ko ya karya bakin huji, akwai hanyar alif, wannan da ake sa wa ruwa ya kwanta. A narka shi a ruwan zafi har ya daina narkewa, a tsoma wurin a ciki, a riƙe ruwan da zafi. Yana cin ƙarfe a hankali ya bar alminiyam. Sai an tuɓe kalifar daga duk wani ƙarfe da roba, kuma tukunyar kada ta zama ta ƙarfe. Yana ɗaukar awoyi da yawa, wani lokaci kwanaki, kuma yana iya dusashe kalar kalifar, amma yana ceton wadda da an jefar.

Mai Bandit:

Sannunku da ƙoƙari. Don Allah in ɗan shigo da tawa a nan tun da maganar ɗaya ce. Suzuki Bandit 600 ne, birkin baya. Nawa fil biyu ne kuma ba su da ramin alanki sam. Na cire murfin roba da ƙananan kilif ɗin nan, na ja da filaya, ko gezau. Ta baya kuma babu ramin da zan doko su. Ta ina ake fitar da su?

Bakaniken manyan babura:

Ɗan'uwa, naka wani iri ne daban, kuma sananne ne da wannan hali. Kalifar Tokico ce mai ɓari biyu, tana rataye a ƙasan faranti inda duk ruwa da taɓon taya suke sauka. Fil ɗinta ba su da tiredi, kilif ne kawai yake hana su fita, kuma ƙarshensu yana shiga rami ne mai toshe a ɓarin ciki. Ruwa ya shiga ramin ba shi da mafita, sai ya zauna ya yi aikinsa.

Kada ka ja shi miƙe, murɗa shi za ka fara yi. Filaya mai kulle a tsakiya, jiƙo da ruwan zafi kamar yadda aka bayyana a sama, ka riƙa kai shi hagu da dama har ya fara juyawa. In ya juya, sai ka riƙa ƙwanƙwasa gefen filayar da guduma ta wajen fita kana ci gaba da murɗawa. Kada ka soka ƙusa a ɗan ramin kilif ɗin ka ja da ita, nan ne fil ɗin ya fi rauni, a nan yake karyewa.

In ya ƙi, hanya biyu ce. Ta farko raba kalifar. Sassauta bol biyun da suka haɗa ɓarin tun tana jikin babur, sannan ka cire tiyo, ka kai ta benci. Da ka raba, fil ɗin za su tsaya a ɓari ɗaya a fili, ka kama kowanne a bais ka murɗa ɓarin. Akwai 'yar ƙaramar roba tsakanin ɓari biyun inda mai yake ratsawa, sabuwa za ka sa, da sababbin washa biyu a bol ɗin tiyo, sannan ka fitar da iska da sabon man birki. Man birki yana cin fenti, ka ajiye ruwa kusa.

Ta biyu ita ce huda bayan ramin. Ka auna daidai inda ƙarshen fil yake ta waje, ka sa alama da fanci, ka huda da baki mai milimita 3 har ka taɓa fil ɗin, ka zura siririn fanci ka doko shi. Ramin dole ya fi fil ɗin ƙanƙanta, don kada fil ya sami hanyar fita ta baya. Awon shi ne komai a nan: in ka kauce kana iya faɗawa hanyar mai, kalifar ta tashi aiki. In ba ka da tabbacin hannunka, raba ta ya fi. Amfanin hujin shi ne gaba ba za ka sake shan wannan wahala ba, sai dai ka toshe ramin da ɗan giris don datti.

Injiniyan kayan ƙarfe:

Malam mai Hornet, ko ta wace hanya ya fita, wannan fil ɗin ya gama aiki, sabo za ka sa. Ka duba na hagun ma. Bi jikinsa da farce: in ka ji gurbi inda kunnen takalmi yake zama, canza shi. Takalmi yana zamewa ne a kan fil ɗin duk lokacin da ka kama birki ka saki. In ya faɗa gurbi ba ya komawa, sai ya riƙa gogar faranti, ya ci a karkace, farantin ya yi zafi. Kuma kada a maye gurbinsa da kowane bol da aka tsinta ko ƙusa.

Ramin kalifar a share shi har sai sabon fil ya shiga da yatsu kawai, tun daga farko har ƙarshe, kafin a sa takalma. In yana buƙatar sifana tun daga haƙori na biyu, akwai sauran gari a ciki ko tiredin ya hau.

A kan abin shafawa, mutane da yawa suna sa giris mai jan ƙarfe, kuma yana aiki. Ni dai na fi son na alminiyam ko farin nan na seramik a wannan wuri, saboda jan ƙarfe da alminiyam su ma ba sa shiri in ruwa ya shiga tsakani, kuma matsalar da muke gudu ke nan tun farko. Ko wanne ne, shafa kaɗan: a tiredi, a ƙarshen da ke shiga rami, da ɗan sheƙi a jikin fil ɗin. In ya yi yawa ƙura ce za ta manne, musamman da hunturu, ta zama kamar man goge bawul, ko zafi ya narkar da shi ya gangaro kan takalmi. Giris ɗin baƙi na boris ba na nan ba ne. Fil ɗin da kalifar take zamewa a kansu, masu rigar roba, su kuma giris ɗin silikon ko jan giris na roba ake sa musu. In fil ɗinka yana da 'yar roba a ƙarshensa, ita ma silikon ɗin za ka shafa mata.

Masu sayen fil na ƙarfen da ba ya tsatsa su sani cewa shi ba ya ci, amma alminiyam ɗin da ke kewaye da shi yana ci, har ma fiye. Shi ma sai da abin shafawa.

Ɗauri 18 Nm ne a fil, murfin kuma tsakanin 2 da 3 kawai, wato ya zauna ka ɗan ƙara da yatsu a sukundireba. Tiredin da aka shafa wa giris yana matsewa fiye da busasshe a awo ɗaya, saboda haka kada ka ƙara ko kaɗan a kan lambar. In babu sifanar awo, riƙe alankin kusa da kai, ba a ƙarshen hannu ba. Murfin nan kada a yar da shi, shi ne yake hana ruwa zama a kan fil, kuma shi ma a shafa wa tiredinsa. A wanke faranti da abin wanke birki ko asiton a tsumma mai tsabta tun da an yi aiki da mai kusa da shi. Kafin babur ya motsa, a matsa hannun birki sau da yawa har ya yi tauri, domin fistan da aka tura baya sai sun dawo sun taɓa takalma, matsar farko ba ta kama komai.

Bayan haka, sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, a kwance fil ɗin a goge a sake shafawa, aikin minti biyar ne a kowane gefe. Wajen wanki kuma a hana mai injin feshi saita bakin ruwan kai tsaye a kalifa, domin yana kore giris ɗin ya tura ruwan sabulu cikin tiredi.

Mai Hornet 600:

Alhamdu lillahi, ya fita. T40 da sukundireban duka, bayan ruwan zafi karo na uku, ga filaya a tsakiya. Tiredin kalifar bai taɓu ba sai haƙori ɗaya na baki. Oga, wannan haƙorin zai hana ni amfani da ita?

Bakaniken manyan babura:

Ba zai hana ba in sauran suna da lafiya. Bi shi da taf mai awon daidai, da hannu, rabin zagaye gaba kwata baya, ka hure garin. In taf bai samu ba, tsaga tiredin tsohon fil ɗin hagu a tsaye da zarto wuri biyu ka yi amfani da shi wajen sharewa. Sa sabon fil ka ɗaure zuwa 18. In ya tsaya cak a wurin, shi ke nan. In ka ji yana ci gaba da juyawa da laushi bai kai awon ba, kada ka hau babur ɗin, kai kalifar a sa mata Helicoil.